Dabo Ja-Sarƙa da Turke na Tara

A Kwarin Gawo, wani ƙauye da ke arewa da Ɗambatta, ƙasa ba ta san hutu ba. Gona manne take da gona, ba abin da ya raba su sai siririn layin gamba, shi ma in ya cika faɗi sai maƙwabta su fara gaisawa a daƙile. Ana noma har jikin danga, har gindin rumbu. Shi ya sa aka daɗe ana yi wa Malam Dabo dariya. Yana da gona a yammacin gari, daura da gandun dajin gwamnati, amma kashi biyu yake nomewa ya bar kashi ɗaya, shekara ashirin cur, sabara da geza suna cin karensu babu babbaka. Wasu suka ce ƙiwuya ce, wasu suka ce aljanu ya bar wa. In an tambaye shi sai ya ce, "Ba tawa ba ce," ya ci gaba da tufkar igiyarsa. To ta wace ce? Kowa dai ya san gadonta ya yi daga yayansa.

Dabo ɗan gidan malamai ne. Ya haddace tun bai cika ashirin ba, amma bai taɓa kafa makaranta ba, don ba shi da murya kuma ba shi da bakin wa'azi. Siririn mutum ne mai dogayen hannuwa, in ya yi magana uku a yini to ranar ya yi surutu. A zamanin En'e, da 'yan safiyo, masu awon ƙasa, suka zo yanka gandun dajin, suka nemi leburori, shi aka ba jan sarƙa. Sarƙar awo ce ta ƙarfe, tsawonta kamu arba'in da huɗu. Mutum ɗaya ya riƙe baya, ɗaya ya ja gaba, in ta miƙe a soka tsinke a ƙirga ɗaya, a sake ja. Aiki ne mai sauƙi sai dai in rana ta take, lissafi ya kan rikice, shugaban aikin, wani mutumin Ilori mai saurin fushi, ya yi ta buga hularsa da ƙasa.

Shi Dabo damuwarsa daban ce. Haddarsa ɗanya ce, yana tsoron kada aikin gwamnati ya zubar masa da ita. Sai ya ɗaura wa kansa ƙa'ida: duk sarƙa ɗaya, aya ɗaya. In ta miƙe ya karanta aya, in an sake ja ya karanta ta gaba. Ran nan gardama ta tashi, wannan ya ce sarƙa talatin da biyar aka ja, wancan ya ce arba'in. Dabo ya ɗan runtse ido ya ce talatin da bakwai ne. Aka koma aka sake awo don a kunyata shi, talatin da bakwai ɗin ne. Mutumin Ilori ya tambaye shi wane irin lissafi ya iya, ya ce, "Ni ba ƙirga nake ba, tilawata nake yi. Ƙirgar ce ta biyo ni."

Turke tara na siminti aka kafa a kan iyakar da ta raba dajin da gonakin gari. Kafin a kafa kowanne sai an haƙa rami iya ƙugu, a zuba gawayi da fasasshiyar kwalba, a binne, sannan a ɗora turken a sama. Mutumin Ilori ya kan ce siminti yana da ƙafa, amma gawayi ba ya zuwa ko'ina. Dabo ya bi 'yan safiyo wasu shekaru, ya dawo gida ya auri Sauda, ya kama noma da tufka. Abin da ya samu a aikin gwamnati dai suna ne, Ja-Sarƙa.

Maganar mutumin Ilori kuwa ta tabbata, siminti ya yi ƙafa. Turke na farko da ya tashi masallaci ya nufa, don wani bawan Allah ya lura ya yi daidai da zaman alwala. Da aka ga ba wanda ya zo tambaya, sai uku suka bi shi. Ɗaya ya zama mawashin fartanya, sauran suka shige ƙarƙashin rumbuna. Mutanen Kwarin Gawo ba ɓarayi ba ne, sun dai ɗauka cewa turken shi ne iyakar, in ka ɗauke shi ka ɗauke ta. Daga nan daji ya shiga ja da baya, kunya ɗaya bana, biyu baɗi. Dabo ya taɓa faɗa sau ɗaya a ƙofar masallaci cewa akwai gawayi a ƙasa, aka ce to ya tono ya kai wa Sauda ta dafa masa shayi. Bai sake tayar da zancen ba. Sai dai bai taɓa zama a kan turakun nan ba, a ƙasa yake tsugunawa ya yi alwalarsa.

Kullum bayan asuba ya kan zauna a bakin ɗakinsa ya yi tilawa, Sauda tana hura wuta tana ji. Ita ba ta yi nisa a karatu ba, amma shekara talatin ana zuba abu a kunnenka dole ka san hawansa da gangarensa. Akwai wani wuri guda da duk ran da karatun ya zagayo kansa sai Malam ya tsaya cak a tsakiyar aya, kamar wanda ya yi tuntuɓe, ya ja numfashi, sannan ya ƙarasa. Ta taɓa tsokanarsa da cewa ko ƙaya ce a wurin, ya ce shi ma bai san dalili ba.

Sai shekarun fari suka zo. Damina biyu a jere gero ya tsaya iya gwiwa ya bushe a tsaye, gyaɗa ko iri ba ta mayar ba. Aka ci dusa, aka ci tafasa, samari suka watse birni. Abin da ya riƙe ran garin shi ne 'yar fadamar da ke kudu da dajin, mai rijiyoyi goma sha biyu da jigo a kan kowacce. A nan gida arba'in suke lambun albasa da tumatir da rogo, kowa da ɗan fegensa kamar tabarma. Duk tukunyar da aka ɗora a garin a shekarun nan, daga fadamar nan aka samo abin zuba mata.

Ana cikin haka, da bazara, sai ga Malam Hadi, sabon malamin daji, a kan babur. Ya sauka a ƙofar mai unguwa ya faɗi abin da ya kawo shi. Gwamnati za ta dasa darbejiya a duk faɗin gandun don tare hamada, kuma an umarce shi ya fitar da iyaka kafin ruwan farko. Saurayi ne mai kunya, kuma ba da mugunta ya zo ba, don sai da ya yi wata guda yana neman takardun awon. A ofishin gunduma aka buɗe masa kabad, ya tarar gara ta riga shi, ta cinye fayil ɗin ta bar masa igiyar da aka ɗaure shi. A birni aka ce an tura kundin zuwa wani gari tun ran da aka raba jihohi, a can kuma aka ce ba a taɓa ganinsa ba. Abin da ya samo kawai wata taswira ce iya tafin hannu, inda kaurin zanen fensir kaɗai ya isa ya haɗiye gonaki goma. A bisa wannan zanen, fadamar tana cikin daji.

"Ranka ya daɗe," in ji Hadi, "ni ma raina bai so ba. In da za a nuna mini turakun asali, musamman na kusurwar kudu, na tara, da su zan yi aiki. In babu, taswira zan bi, katafila kuma tana nan tafe nan da kwana goma. Ina turakun suke?"

Mai unguwa ya sunkuyar da kai, don ko da asubar ranar a kan na huɗu ya yi alwala. Can daga baya aka ji wata murya da ba a saba ji a taro ba.

"Turke ya tafi, amma shaidarsa tana nan," in ji Dabo. "Zan kai ku na tara. Sai dai ba na iya tsallake, daga na ɗaya zan faro. Abin da igiya ta tarar a hanya kuma kada a ce ni ne."

Wanda ruwa ya ci ko takobi aka miƙa masa kamawa zai yi. Aka ce an yarda, ba tare da an tsaya tunanin abin da igiyar za ta tarar ba.

Kwana biyu ya yi yana tufka igiyar rama, ya auna ta da hannunsa kamu arba'in da huɗu. Hadi ya ɗora tef ɗinsa a kai don ya ga kuskuren, ya duba, ya sake dubawa, ya naɗe tef ɗin ya sa a aljihu. Ran Asabar da hantsi aka taru a gindin wata kuka da ke arewa maso yamma da gari. Dabo ya yi alwala, ya ba ɗansa Usaini, magidanci mai 'ya'ya huɗu, ƙarshen igiyar. Ya yi taku bakwai daga gindin kukar ya ce a haƙa. Ba a kai ƙugu ba shebur ya fito da baƙi, ga ɓallin koriyar kwalba yana ƙyalli. Wani tsoho ya ce, "La ilaha illallahu," ya zauna a ƙasa.

Daga nan Dabo ya ɗaga kai ya nemi kuka ta gaba. A wancan zamanin a kan kukoki ake rataya tutar safiyo, kuka kuwa ko yunwa ta kai ina ba mai sare ta, don miya ce. Ya saita ta, ya fara ja. Igiya ta miƙe, leɓɓansa suka motsa, Usaini ya matso, aka sake ja. Ba ya kallon kowa, ba ya kallon ƙasa. Muryar nan da aka ce ba ta da daɗi tana fita ƙasa-ƙasa, mutum fiye da ɗari suna biye da shi a cikin busassun kunyoyi, ba mai ko tari. Da ya kai ayar da a kanta aka kafa turke a wancan zamanin, sai ya tsaya ya nuna da ƙafa. Aka haƙa, gawayi. Na uku, gawayi. Na huɗu sai da aka ɗan faɗaɗa ramin taku ɗaya, gawayi. Hadi yana rubuta adadin igiyoyin a littafinsa. Ya yi makarantar daji shekara uku, ba a taɓa gaya masa ana ajiye kundin awo a ƙirjin mutum ba.

Na biyar ya faɗo a gonar Dabo. Igiya ta miƙe, ayar ta ƙare, ƙafarsa ta sauka daidai kan kunyar ƙarshe, inda fartanyarsa take tsayawa shekara ashirin. Taku ɗaya gaba sabara ce. Da gawayin ya fito, waɗanda suka ce ƙiwuya ce da waɗanda suka ce aljanu ne duk suna tsaye a wurin, kowa ya sami abin kallo a ƙasa. Wallahi abin ya isa a ji tsoron Allah.

Amma murna ta fara raguwa, don kowa ya ga inda layin ya dosa. Ya riga ya yanke wa mutum shida bakin gona, yanzu kuma ya miƙe tsakiyar gonar Usaini, wadda ya sare da hannunsa shekarar da ya yi aure. Uban ya hana shi a lokacin, ya ce daji ne, shi kuwa ya ce kowa ma haka yake yi. Usaini ya taho da ƙarshen igiyar a hannu, ya rage murya.

"Baba, ka ɗan karkata yamma mana. Wa zai sani? 'Ya'ya huɗu gare ni, kuma ka ga shekarar da ake ciki."

"In na karkata a nan, ba zan faɗa kan na tara ba," in ji Dabo. "Kuma da me zan karkata? Aya zan ƙara ko ragewa zan yi?"

Usaini ya jefar da igiyar ya juya ya nufi gari. Dabo ya bi shi da kallo, idonsa ya kawo ruwa, don duk duniya ba wanda yake so kamar yaron nan, kuma ya san abin da ke cikin rumbunsa bai kai wata guda ba. Sai Hadi ya soke littafinsa a aljihu, ya sunkuya da kakinsa ya ɗauki ƙarshen igiyar. Aka sami na shida a cikin gonar Usaini, kashi biyu cikin uku nata daji ne.

Na bakwai da na takwas ba su ba da wahala ba. Ana kiran la'asar aka gangaro bakin fadama, ga jiguna a tsaye, ga koren albasa, abin da ya rage kore a duk ƙasar. Dabo ya ja igiya goma sha tara, ya yi shiru, ya nuna. Kafin a sa shebur ya ce, "A nan ba za ku ga fasasshiyar kwalba ba. Ranar kwalabe sun ƙare mana, sai na sa 'yar kwalbar tawadata, lafiyayya, da toshiyarta."

Aka haƙa iya ƙugu, yashi. Aka kai ƙirji, yashi. Aka faɗaɗa gabas, aka faɗaɗa yamma, babu ko ƙwayar baƙi. Masu haƙan da ma da ɗan kunu suka wuni, hannuwansu suka mutu. Aka fara gunaguni. Wani da aka yanke wa gona ya ce, a bayyane, tsoho ya cinye musu gonaki a banza, ga fadamar ma za ta tafi. Hadi ya share gumi ya ce a hankali, "Baba, takwas ɗin nan sun ishe ni shaida a raina. Amma a ofis na tara za su tambaya, shi ne ya raba fadama da daji."

Dabo ya zauna a bakin ramin. Ya maimaita ayoyin tun daga na takwas yana lanƙwasa yatsu, goma sha tara ne. Ya sake, goma sha tara. A karo na farko a ranar tsoro ya kama shi. Ya raba ɗansa da gona, ya tona asirin maƙwabta, in kuma haddar ta ci amanarsa a nan, gida arba'in za su kwana ba su san abin da za su ci baɗi ba.

Sauda tana cikin matan da suka kawo wa masu haƙa ruwa. Tana tsaye da tulu a gefe ta ji shi yana maimaita ta ƙarshen a fili, yana gaggawa, ya zarce har ƙarshenta. Ba al'adarta ba ce ta yi magana cikin maza, amma ta matso ta durƙusa.

"Malam, ba wannan ce mai ƙayar ba? Yau na ji ka wuce ba ka tsaya ba."

Ya dube ta kamar bai taɓa ganinta ba. Ya rufe ido ya sake ɗauko ayar, a hankali wannan karon, yadda yake yi da asuba. Da ya kai tsakiya harshensa ya tsaya da kansa. Sai ranar ta dawo masa gaba ɗaya: mutumin Ilori ya ɗaga hannu ya daka tsawa a tsaya, sarƙar ba ta gama miƙewa ba, shi kuma ya katse karatun ya ruga kawo gawayi. Shekara talatin bakinsa yana riƙe da abin da kansa ya manta.

"Rabi ce," ya ce. "Ta ƙarshen rabin sarƙa ce. Ku ninka igiyar biyu."

Aka koma tsinke na goma sha takwas, aka ninka igiya, aka ja. Wurin ya faɗo a kan tudu, taku goma sha biyar kafin rijiyar farko. Sai dai masu haƙa sun ƙare, kowa ya zube. Ana kallon-kallo sai wani ya ratso taron ya zare shebur daga hannun mai unguwa. Usaini ne. Ashe bai kai gari ba, yana bayan wata tsamiya yana kallo tun ɗazu. Bai dubi uban ba, ya tofa yawu a tafi ya fara haƙa.

A iya ƙugu yashi ya yi baƙi. Usaini ya ajiye shebur ya sa hannu yana tonawa a hankali, kamar mai tonon dankali. Ya ɗago da 'yar kwalba iya tsawon yatsa, toshiyarta ta ruɓe, busasshiyar tawada ta yi mata baƙin zobe a ciki. Kabbarar da aka yi a fadamar nan, sai da tsuntsaye suka tashi daga kan jiguna. Mata suna kuka, mai unguwa yana kuka, Hadi ya cire hularsa ta aiki ya tsaya riƙe da ita kamar a gaban babban alƙali.

Da ya dawo hayyacinsa ya ce zai tafi da kwalbar birni a ajiye a fayil.

"Wane fayil, ɗana?" in ji Dabo. "Wanda gara ta ci? Rubuta abin da ka gani. Ita kuwa a mayar da ita, aikinta bai ƙare ba."

Katafila ta zo ta bi layin gawayi, ba ta taɓa ko rijiya ɗaya ba. Turakun masallaci suka koma inda aka ɗauko su, mai unguwa da kansa ya ɗauki na huɗu a ka. Waɗanda aka yanke wa gona wasu sun yi shekara ba sa amsa sallamar Dabo da kyau, bai kuma taɓa cewa sun yi laifi ba. Ya raba 'yar gonarsa biyu ya ba Usaini rabi, su biyun suka ƙarasa shekarun farin da ƙyar, da albasar fegen Sauda.

Ya rasu shekara shida bayan haka, da kaka, bayan gajeriyar jinya. Sauda ta ce tun daga ranar fadama bai sake tsayawa a ayar nan ba, wucewa yake yi sumul. Ita ce ma, in tana hura wuta karatun ya zo wurin, sai ta ji hannunta ya tsaya.